Allon Ƙarshe a Layin

Dare ya raba, mai fenti yana saman tsani yana ɗaura sabon allon sunan titi, na ƙarshe da ya rage masa. Karnukan layin suka yi tsit lokaci guda.

"Ɗana, ina ka kai sunan layinmu?"

Wata tsohuwa ce riƙe da ƙafar tsanin. Ƙarfen ya yi sanyi ƙarara a hannunsa.

"An sauya shi, Iya. Umarni ne daga ofis."

"Shi ya sa yarana suka kasa gane gida."

Ya leƙo ƙasa. Ta taka fentin da ya zube, ta kewaya tsanin, amma babu sawunta ko ɗaya.

"Ba komai," in ji ta. "Sauko mu koma naka. Lamba tara, ko?"