Allurar Akwatin Malam Haruna

Lailatu da bakinta ta fara ba ni labarin nan, muna tsince shinkafa a Ƙofar Ƙaura.

Mijinta Malam Haruna mai gyaran rediyo ne. Shekarar da soja suka miƙa mulki, lasifikar 'yan siyasa sai fashewa take don ihu, sai ya haɗa wani akwati mai danne murya. Akwatin na da allura da ke nuna yawan dannewar. Bayan allurar akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai ɗamara kala-kala, rasista suke ce mashi. In allura ta cika tsalle a sa mai ƙarfi, in ta yi nauyi a sa mai sauƙi. Shekara bakwai idonshi bai rarrabe launi, Lailatu ke zaɓo mashi.

Saura daidaita allurar ya rasu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce jikinta kamar na aro.

Da ta fita takaba, Sammani mai lasifika ya zo.

"Gwaggo, jibi ake rantsar da sabuwar gwamnati. Ke kaɗai kika san kan akwatin nan na Malam."

Ta tafi shagon Malam gab da magariba. Warin dalma da ƙura. Ta jona batir, ta ɗauki makirufo, ta yi sallama yadda Malam ke gwaji.

Allura ta motsa. Lailatu ta yi shiru. Allura ta sake motsawa, daidai tsawon amsa sallama.

Ta sa rasista mai sauƙi. Lasifika ta yi numfashi.

"Lailatu. Rage kuma."

Muryarshi ce, har da 'yar kakin nan. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji daɗi ba. Ta rage.

Yanzu muryar ba daga lasifika take fitowa ba. Daga bakin benci.

"Saura ɗaya in iso."

Ta miƙa hannu cikin gwangwanin rasista.

"Ba wannan ba. Mai jar ɗamara, ga shi can gefen mai kore."

Hannunta ya tsaya.

Malam bai ganin ja. Bai ganin kore.

Wani sanyi ya taɓa ƙeyarta, yana warin tsohuwar rijiya.

"Miƙo mana."

Ta fizge wayar batir. Allura ta ci gaba da lilo.

Ta faɗa waje tana a'uzubillahi, ƙafa ba takalmi, ladan na ɗaga murya. Bayanta gwangwanin ya kife da kanshi.

Ni dai na ce mata, "Ke ma da wauta, wa ke gwajin sallama da magariba?"

Ta ce washegari da hantsi ta fito da akwatin cikin rana, ta liƙa mai ƙarfi, allura ta zauna. Ta miƙa wa Sammani, ta sa kwaɗo a shagon. Sannan ta zauna bakin ƙofar, ta yi kukan mijinta.