Murfin da Ya Rage a Kwanar Kogi

Ranar Juma'a da yamma, rana ta kusa faɗuwa, murfi ɗaya ne ya rage wa Nélida Cabral.

Shekararta goma sha tara tana walda a ma'aikatar ƙaramar hukumar Santa Brígida, kuma duk shekara idan makon tseren motoci ya zo, wannan aiki nata ne. Akan rufe titunan bakin kogi da katangun kankare da ragar waya, su zama filin tsere na kwana biyu. Kafin mota ko ɗaya ta taka wurin, sai an bi kowane murfin ƙarfe na magudanar ruwa da ke kan kwalta an liƙe shi da walda. Motar da ke gudun kilomita ɗari biyu a awa tana iya zuƙo murfin sama kamar faifai, ta wurga wa wadda ke bayanta. Nélida ta taɓa ganin abin da irin wannan murfi ya yi wa wata mota a wani gari. Ba ta son ba da labarin.

Bana kuwa 'yarta Yamila ce za ta ja mota mai lamba talatin da takwas, karonta na farko a garinsu. Gobe da ƙarfe takwas na safe za a fara gwaji.

Wani dattijo da ake kira Don Aníbal ne ke jan a-kori-kurar da ke ɗauke da janareta da injin walda. Ya haura sittin, kuma sun fi shekara goma suna aiki tare. Yana tuƙi da hannu ɗaya, ya miƙo mata ƙoƙon mate, shayin ganye na ƙasarsu, da ɗayan.

"Ungo, sha kafin ya huce."

"Wannan ai tun tsakar rana ya huce. Ruwan wanki kake ba ni, tsoho."

"Ruwan wankin ma ba ki taɓa dawo mini da shi ba. Don an zama uwar direba, sai fi'ili."

Ta yi murmushi, ta zuƙa.

Tsakanin katangun nan biyu babu kowa. Gari yana can waje, sai dai ƙamshin naman da ake gasawa ya tsallako, da kiɗan rediyo sama-sama. Daga nesa, wajen rumfunan kanikawa, ana ta tayar da injuna ana kashewa. Da suka gangaro wajen tsofaffin rumbunan hatsi na tashar jirgin ruwa, sai duk ƙarar ta yi baya. Nan ne kwanar kogi, inda motoci suka fi gudu kafin su karya. Kujerun 'yan kallo na tsaye babu mutum. A makon nan kogin ya cika ƙwarai, iska tana kawo warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa.

Murfin yana tsakiyar hanya, daidai inda tayar hagu za ta bi. Zagayayye ne, mai ƙananan huda shida, kowace ba ta fi faɗin kwabo ba.

Nélida ta sa safar hannu ta fata, ta ɗora hular walda a ka, ta ɗauki guduma. Akwai ƙa'ida da ta koya tun tana sabuwar shiga: ba a liƙe murfi sai an buga shi sau uku, an yi kira, an ƙirga goma, don kada a rufe wani ma'aikaci a ƙasa. Sau saba'in da biyu ta yi haka tun safe. A shekara goma sha tara ba a taɓa amsa mata ba.

Ta durƙusa. Ta buga sau uku.

"Akwai mutum a ƙasa?"

Ɗaya. Biyu. Uku. Ƙarar ruwa na gudu can cikin duhu. Huɗu. Biyar.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Daga ƙasa aka buga.

Ta ɗago ta dubi Don Aníbal. Yana tsaye da igiyar janareta a hannu, bai ja ba.

"Katako ne ruwa ya kawo," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Nélida ta kara kunnenta kusa da hudar. Wani sanyi ya bugo ta, irin na cikin rijiya.

"Mama."

Gudumar ta suɓuce daga hannunta.

"Mama, ni ce. Na faɗa. Ina zagaya hanyar a ƙafa ne, sai ƙasa ta rufta da ni a bayan katanga. Ruwa ya jawo ni nan. Mama, ya kai mini ƙirji."

Muryar Yamila ce, har da 'yar dusashewar da take yi idan ta yi kuka. Kuma gaskiya ne, da safe ta ce mata da yamma za ta bi hanyar a ƙafa ta duba kwanoni, yadda direbobi ke yi.

Nélida ta zaro waya. Ta kira. Wayar ta yi ta ringi har ta tsinke. Ta sake kira. Ta sake. Ba a ɗauka ba.

"Mama, buɗe. Sanyi nake ji."

"Gani nan, 'yata, gani nan! Don Aníbal, kawo sandunan!"

Ba ta ma rufe baki ba ya iso da dogayen sandunan ƙarfe biyu. Fuskarsa ta yi fari, idanunsa cike da hawaye. Suka zura bakin sandunan a gefen murfin, ita a hagu, shi a dama. Murfin ya fi buhun siminti nauyi, ga tsatsa ta kama shi. Suka danna. Ya yi ƙara. Suka sake dannawa.

Ya ɗaga kamar faɗin yatsa biyu.

Wari ya fito. Ba warin kwata ba ne. Warin ƙasan kogi ne, na abin da ya daɗe a cikin ruwa.

"Kusa, Mama. Saura kaɗan."

Don Aníbal ya sa duk ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Yana magana cikin raɗa, yana kallon ramin.

"Riƙe da kyau, Rosendo. Riƙe, ƙanena. Yanzu zan fito da kai."

Nélida ta tsaya cak.

"Me ka ce?"

"Danna mana, Neli! Ba ki ji yana kirana ba?"

"Wa?"

"Rosendo!"

Rosendo masunci ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da kwale-kwalensa ya kife a bayan tsibiri. Nélida ta je jana'izarsa. Ita ce ma ta riƙe mahaifiyarsu a bakin kabari.

"Don Aníbal," ta ce a hankali, "ni muryar Yamila nake ji."

Suka dubi juna.

A ƙasa an yi shiru. Har ruwan ya daina gudu.

Ta zare sandarta. Murfin ya faɗa gefenta da ƙara, amma gefen tsohon yana ɗage, don bai saki ba. Ta ga wani abu fari yana lallaɓowa ta wannan tsagar, yana shafa bakin kwalta kamar makaho na neman ƙofa.

Ta daki sandarsa da takalmi. Sandar ta yi tsalle. Murfin ya rufe. Ta haye kansa da ƙafa biyu.

Aka turo daga ƙasa. Ta ji an ɗaga ta, ita da murfin, an sauke.

"Tayar da janareta!"

Don Aníbal ya durƙusa yana laluben sandar. "Ki sauka, Neli. Yana cewa in yafe masa, yana cewa..."

"Kai ka ɗauki akwatinsa a kafaɗarka! Na gan ka da idona! Tashi, tsoho, don girman Allah!"

Ya tsaya yana kallonta, bakinsa na motsi. Sai ya yi alamar giciye, ya miƙe da ƙyar, ya nufi mota.

Ya ja igiya. Shiru.

"Mama, me na yi miki?"

Ya sake ja. Injin ya yi tari ya mutu.

Nélida ta durƙusa a kan murfin da gwiwoyinta biyu. Ta maƙala wayar ƙasa ta injin walda a gefen ƙarfen. Ta ɗauki abin riƙon sandar walda. Zuciyarta na cewa: in fa ita ce? In fa tsohon ne kunnensa ya ruɗe shi? Ba ta ɗauki waya ba. Ta ce za ta bi hanyar a ƙafa.

In ta liƙe, kuma Yamila ce, ta binne 'yarta da hannunta.

In ta bari, gobe da safe Yamila za ta bi ta kan murfin nan, da abin da ke turo shi.

Janareta ya kama.

Ta sauke hular. Duniya ta yi baƙi ƙirin. A bayan wannan gilashi ba a ganin komai sai abin da wutar walda ta haska.

Ta ƙyasta.

Shuɗin haske ya tashi, ta gani.

Yatsu. A kowace huda akwai yatsa, fari, mai yamutsattsiyar fata, ya fi na mutum tsawo, yana lanƙwasa ta inda bai kamata ba. Suna juyawa a hankali, suna neman ta.

Ba ta ɗaga hular ba. Ta ja wutar a gefen murfin. Ƙarfe ya narke, ya haɗe.

"Mama, kina ƙona ni! Mama!"

Hawaye suka cika mata hular. Ba ta tsaya ba.

Wani abu ya naɗe mata ɗan yatsan hannun hagu. Sanyinsa ya ratsa fatar safar har ƙashi. Ya ja. Hannunta ya manne da ƙarfen. Ya ƙara ja, ta ji gaɓar tana shirin fita.

Ta fizge hannun daga cikin safar.

A hasken wutar ta ga safar, mai kauri, ta fatar shanu, tana shigewa ta hudar da ba ta fi kwabo ba. Ta shige duka.

Ta ci gaba da hannu tsirara. Tartsatsi na zuba a kai.

Muryar ta sauya. Ta koma ta Yamila tana 'yar shekara goma, ranar da ta karye a kan keke.

Ta ƙara ƙanƙancewa. Shekara huɗu, tana tsoron tsawa.

Sannan babu kalma. Kukan jaririya kawai, irin na daren farko a asibiti.

Nélida ta ciji leɓenta har ta ji jini. Sandar walda ta ƙare, ta sa wata. A ƙa'ida wuri huɗu ake liƙewa. Ita ta zagaye murfin gaba ɗaya, ba ta bar ko tsagar allura ba.

Da ta iso inda ta faro, kukan ya tsaya.

Ta kashe wuta. Ta ɗaga hular.

Hudoji shida, babu komai a cikinsu. Ƙarfen yana hayaƙi. Sama ta yi ja a kan kogi, fitilun titi sun fara kamawa ɗaya bayan ɗaya.

Can ƙasa, wani abu mai nauyi ya juya a cikin ruwa, ya nufi wajen kogi. Bai yi sauri ba.

Don Aníbal ya kashe janareta. Ya zauna a kan kwalta, ya rufe fuskarsa da hula. Nélida ta zauna tana kallon waldar da ta yi, ba ta san ko mene ne ta rufe ba.

Sai wayarta ta yi ƙara.

"Tsohuwa, kira uku? Wa ya mutu?" Ga ƙarar injuna a bayanta, ga wani yana dariya. "Ina wajen kanikawa, giyar motar ta uku ce ke mana wasa, ko zagayen ma ban samu na yi ba. In za ki taho ki biyo mana da empanada, soyayyen nan mai nama a ciki, waɗannan mayunwatan sun cinye nawa."

Nélida ta manna wayar a kunnenta, tana sauraron muryar da kyau.

"Tsohuwa? Kina ji na?"

"Kunna hoto," ta ce. "Ina so in ga fuskarki."

"Ke kuma! Duk baƙin mai ne a fuskar."

"Kunna, Yamila."

Ta kunna. Ga ta nan, gashi a hargitse, baƙin mai a kumatu, tana harararta cikin wasa. Nélida ta daɗe tana kallo kafin ta yarda ta yi numfashi.

Ranar Lahadi Yamila ta zo ta tara cikin motoci ashirin da shida. Sau talatin ta bi ta kwanar kogi. Nélida tana tsaye a bayan raga, hannun hagu naɗe da bandeji, kuma ba ta ga wucewarta ko sau ɗaya ba, don murfin take kallo.

Ranar Litinin akan bi murafan a yanke waldar, don masu gyaran magudana su iya shiga. Ta yanke saba'in da biyu. Na kwanar kogi ta rubuta a takarda cewa ya lalace, kada a taɓa. Shugabanta ya sa hannu bai karanta ba. Don Aníbal ya nemi a mayar da shi sashen shara a unguwannin tudu, aka mayar da shi. Idan sun haɗu a hanya sukan gaisa, su tambayi iyali, ba sa wuce nan.

Yamila na zuwa gida duk ƙarshen wata. Ta lura da wani abu, har ta yi wa ƙanwar mahaifiyarta ƙorafi cewa tsohuwa ta fara kurumcewa. Za ta kira ta daga kicin, ko daga bayan ƙofar banɗaki, sau uku, sau huɗu, shiru.

Nélida tana ji sarai. Takan ajiye abin da ke hannunta, ta tashi, ta tafi har inda kiran ya fito. Sai ta ga fuska take amsawa.