Bargon Rigunan Wa'il

"Faɗa mini yadda ta faɗa, Salah. Kar ka sa wa maganar sukari!"

Lauratu na tsaye a ƙofar gidansu a unguwar Kalakla, zare duk ya manne a tob ɗinta, lulluɓin nan na matan Sudan. Salahuddin ya kawar da kai.

"Habibti, bar zancen nan..."

"Wallahi sai ka faɗa!"

Ya sauke numfashi. "Cewa ta yi ɗanta ba zai auri 'yar kambo ba."

Kambo! Bukkokin da kakannin Lauratu suka zauna a gonakin Jazira suna tsinkar audugar mutane. An baro can tun ba a haife ta ba, amma a bakin Haja Sittana, mahaifiyar Salah, har gobe 'yan kambo ne. Alhali ita ma Hajar, kakanninta da ƙafa suka taso daga Kano za su Makka, suka yada zango a Omdurman. Riga su zuwa kawai suka yi, shi ke nan abin taƙamar!

"Ki yi mata uzuri," in ji Salah. "Tun da Wa'il ya ɓata ba ta cikin hayyacinta."

Wa'il ƙaninsa ne. Ya fita zanga-zanga wata ranar Alhamis, bai dawo ba. An duba asibitoci, an duba ɗakunan ajiye gawa, shiru.

"Allah ya ji ƙansa," Salah ya faɗa can ƙasa. Ya dube ta. "Ke ce sanyin idona, Laura. In kin samu hanyar zuciyar mahaifiyata, an gama."

Hanyar ce Lauratu ta rasa. Abin da ke rage mata zafi ɗaya ne, darasin ɗinkin bargo da take ɗauka ta waya. Malama Ni'mat, 'yar Sudan da ke zaune a Kanada, ita ke koya musu ta bidiyo: yadda ake yanka ƙyallaye daidai wa daida, a haɗa su su ba da zane, a goge kowane ɗinki ya kwanta gefe guda. Sannan a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa yadi a ƙasa, a fara ɗinkewa daga tsakiya zuwa baki don kar ya tattare. Yau a ɗauke wuta, gobe a datse intanet, Lauratu dai tana nan da ragowar ƙyallen da take tsintowa wajen telolin kasuwar Sahafa.

Wata rana Malama ta ɗago wani bargo gaban kyamara.

"Wannan rigunan marigayi babana ne. A nan suna kiransa bargon tunawa. In kewa ta taso, sai ki lulluɓa da shi."

Lauratu ta yi kuka har ta gode Allah.

Ashe ba ita kaɗai ta kalli darasin ba. Ghada, 'yar ƙanwar Haja, wadda ke zaune a gidan Haja kuma Haja ke so ya aura, ita ma tana ajin. Lauratu da hannunta ta shigar da ita, don neman shiri. Kaico!

Ba a yi mako ba sai ga Ghada a Kalakla da ƙatuwar jaka, tana ta fara'a.

"Kayan Wa'il ne. Halti, Haja ke nan, ta ce a fitar da su, ba ta iya kallonsu. Na ce ina! Ga Lauratu mai hannun zinariya? Ki yi mata irin na Malama, wallahi da kanta za ta zo neman aurenki."

"Ghada... da gaske?"

"Sai dai kar ki gaya wa Salah. Bakinsa ba ya riƙe magana, zai ɓata mana shirin."

Da Lauratu ta zazzage jakar, ƙamshin turaren wuta ya cika ɗaki. Kowace riga a goge take, a ninke tsaf. Innarta ta leƙo, ta ga almakashi, ta riƙe haɓa.

"Ke! Kayan mamaci sadaka ake yi da su, ba a sa musu almakashi."

"Inna, haka ake yi a can."

"Can ne nan?"

Lauratu ba ta ji ba. Wanda so ya toshe wa kunne, ko ganga ka buga masa a banza.

Ta yanka. Farar jallabiya ta zama tsakiya, shuɗiyar rigar makaranta ta kewaye ta, jar rigar ƙwallo ta shiga kusurwoyi. Da allurar hannu ta ɗinke shi, har yatsunta suka yi kanta. Ba ta taɓa yin abu mai kyau irinsa ba, wannan gaskiya ne.

Ranar Juma'a da hantsi ta sa tob ɗinta mafi kyau, ta hau mota ta tsallaka gada zuwa Omdurman. Haja Sittana na kan gadon igiya a tsakar gida, Ghada na zuba mata gahawa. Salah ya miƙe da mamaki.

Lauratu ta durƙusa ta gaishe ta. Aka amsa a daƙile.

"Haja, ɗan abu ne na kawo miki... aikin hannuna ne."

Ta warware bargon a kan gadon.

Haja ta kai hannu ta shafa farin. Ta shafa shuɗin. Hannun ya tsaya cak a kan jan ƙyallen.

"Salah," ta ce a hankali, "buɗe mini kwabar Wa'il."

Ya shiga. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, fuskarsa kaɗai ta isa amsa.

Abin da Lauratu ba ta sani ba, Haja ba ta taɓa yarda an yi zaman makoki ba. Kwabar nan a kulle take, ba ta buɗe ta sai jajibirin salla, ta wanke kayan, ta goge, ta turara, ta mayar, ta zauna tana kallon ƙofa. Ghada kuwa ta san inda makullin yake.

"Kin yanka..." Haja ta ɗago. "Kin yanka masa kaya?"

"Haja, don ki riƙa tunawa da shi ne..."

"Tunawa? Wa ya ce miki ya mutu? Kin ga gawarsa?"

"Ghada ce ta ce..."

"Ni?" Ghada ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Halti, maɓallai na ga sun ciccire, na kai mata ta mayar, tun da an ce tela ce!"

Haja ba ta ko dube ta ba. Ta ƙanƙame bargon, ta ƙwalla ƙarar da ta fito da maƙwabta.

"Idan ya dawo me zai sa? Ku gaya mini! Ɗana ya dawo me zai sa?"

Lauratu ba ta san yadda ta isa titi ba. Takalminta ɗaya ma a can ta baro shi.

Kwana da kwanaki wayar Salah a kashe. Sai labari ya zo Kalakla cewa an kafa rumfa a ƙofar gidan Haja Sittana, ta zauna karɓar gaisuwar Wa'il.

Bayan an tashi daga makoki Salah ya zo. Ya rame, ya ƙi shiga ciki.

"Salah, wallahi tallahi Ghada ce..."

"Na sani. Na yarda da ke, Laura. Amma almakashin a hannunki yake."

"To ta yafe mini mana! Zan je in kwanta a ƙafarta!"

"Da bargon take kwana, da shi take tashi, ko wanka sai an lallaɓa ta take ajiye shi." Ya sunkuyar da kai. "Sai dai ta ce duk lokacin nan ɗanta na raye, sai ranar da kika shigo gidan ya mutu. Ta rantse in na kawo ki za ta ɗaga mini nono."

"Kai kuma ka ce me?"

"Ni kaɗai na rage mata."

"Ni fa? Ni wa ya rage mini?"

Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Aiko ni ta yi," ya ce daga ƙarshe. "Ta ce in akwai abin da ya saura na kayan, a ba ta. Ko zare ɗaya kar ya sake kwana a gidanku."

Ashe ma ba don ita ya zo ba.

Lauratu ta shiga ɗaki, ta durƙusa ta tattaro su daga ƙarƙashin keken ɗinki: wuyan riguna, maɓallai, aljihu guda da ba ta samu inda za ta sa shi ba. Ta ƙulle su cikin farin yadi ta fito.

Salah ya miƙo hannu biyu ya karɓa, yadda ake karɓar gawar jariri. Ya rungume ƙullin a ƙirjinsa, ya juya.

"Salah..."

Ya ɗan tsaya, har ta ɗauka zai waiwayo. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da motar Omdurman.