Sahun Masu Zane

A lokacin sanyi, magaribar London ba ta jiran kowa ya tashi daga aiki. Almu yana cikin wani ɗakin ajiyar kayan tarihi a Edmonton, inda yake aikin ɗaga akwatuna, duhu ya fara sauka. Bayansa yana ciwo. Daga nan kuma sai asibiti, ya ɗauko matarsa Karimatu daga wankin ƙoda. Ba ta iya hawa bas ita kaɗai.

Akwatin ƙarshe da suka buɗe shi da Jane, mai kula da kayan, allunan katako ne na rufin wani tsohon gini a Sisiliya. A jikinsu an zana mutane zaune a jere da rawuna, wani da molo, wani da ƙoƙo. Rubutun Larabci ya zagaye su, ga gicciye a kusurwa.

"Musulmi ne suka zana wa sarakunan Norman," in ji Jane tana saka kwat. "Sarki Kirista, masu zane Musulmi. Ana cewa daga baya an hana jikokinsu yin salla tare. Ka kulle in ka gama."

Almu dai ba tarihi ne a gabansa ba. Ya shimfiɗa kwali tsakanin akwatunan, ya tayar da salla don ya rage hanya.

Yana tsakiyar Fatiha aka taɓa kafaɗarsa.

Ko yaro ya san wannan taɓin: wani ne ya zo a makare yana so a ja shi. Almu ya ɗauka mai gadi ne, ya ɗaga murya. Da ya kai ƙarshen surar, aka ce amin. Ba murya ɗaya ba ce.

Ƙamshin furen lemo ya cika ɗakin, da ƙarnin ɗanyen fenti. Ya ji tafin ƙafafu a kan siminti, ana gyara sahu. Tsoro ya kama shi sosai, amma ya daure ya kai raka'a ta uku. Ya yi sallama, ya yunƙura zai tashi.

Hannun ya dawo kafaɗarsa. Sanyi ƙalau.

"Da saura, liman," aka raɗa masa da wani tsohon Larabci, ya kuwa gane. "Ramuwa gare mu. Mun daɗe."

Ya sake tayarwa. Ya sallame. Hannun ya dawo.

Ya ja azahar, ya ja la'asar, ya ja sallolin da ba ranarsa ba. A bayansa ana numfashi irin na mutanen da suka yini suna kallon sama da buroshi a hannu. Ya ji tausayinsu, wallahi ya ji. Gajiyarsu irin tasa ce.

Wayarsa ta yi ta girgiza a aljihu. Karimatu.

A nan ya gane ramuwar nan ba ta da ƙarshe.

Ya yi kabbara, ya tafi sujada. Suka bi shi. Mamu ba ya ɗaga kai kafin liman.

Bai sake kabbara ba.

Ya ja jiki a hankali, da rarrafe. Ta gefen ido ya ga bayan rawuna a jere, goshi a ƙasa, yatsu duk fenti.

Ba wanda ya motsa.

Ya kai ƙofa, ya fita a guje ba takalmi.

Ya sami Karimatu a kujerar jira, ta dunƙule cikin mayafi.

"Baban Humaira, na yi calling har na gaji. Ina takalmanka?"

Ya ce mata mantuwa ce. Ta kalle shi, ta miƙa masa hannu ya tashe ta.

Washegari Jane ta kira shi. Ta ce fuskokin da ke allunan duk sun ɓace, ba abin da ake gani sai saman rawuna, kuma masana sun ce danshi ne. Almu ya nemi a mayar da shi wani reshe.

Tun daga ranar bai ƙara jan kowa salla ba, ko a gida. Idan ya yi sujada kuwa ba ya daɗewa, don ya san akwai mutanen da ya bari da goshi a kan siminti, suna jiran muryarsa.