Fuskar da Aka Yanke daga Zanen Fontanet

Da hantsi aka kira Sufeto Bastida gidan Eudald Fontanet, mai zanen nan da ke zana mafarkansa attajiran Paris na rububin saye. An ɓata babban zanensa, ga shi saura kwana uku a kai shi baje koli.

Hoton gawa ne a bakin teku, tururuwa na fita daga ƙirjinta. Fuskar kaɗai aka yanke, sannan aka ɗinke ramin tsaf da zaren koma.

"Fuskar wa ce?" in ji Sufeto.

"Mafarkinta na yi," Fontanet ya amsa yana hura hanci.

Ƙarya tsagwaronta! Bastida ya tsani mutumin nan ba tun yau ba, amma aiki aiki ne. Yana binciken takardun ɗakin ya ci karo da wani tsohon zanen fensir na gawar nan, an rubuta a ƙasa: Quim, ranar da aka tsamo shi.

Kowa a garin ya san Quim, masuncin da teku ta ci. Matarsa Remei ce kukun gidan. Sufeto ya same ta a kicin tana gyaran kifi.

"Senyora Remei, kin shiga ɗakin zane?"

"Ni da ɗakin mahaukaci? Allah ya kiyaye."

"Kin iya gyaran koma?"

"Na manta."

Ya sauko da ragar albasa daga ƙusa, ya nuna mata sabon faci. "Wannan ƙullin ne a jikin zanen. Ɓarawo ba ya tsayawa ɗinki."

Ta ajiye wuƙa. "Hannun ne. Ba ya ganin rami ya wuce."

"Me ya kai ki?"

"Ina kuka kan gawar mijina, wannan la'ananne na tsugune yana zane. Shekara goma sha biyu ina dafa masa, ina jira. Yanzu kuma a kai Quim Paris da tururuwa, a yi ta kallonsa ana shan giya?"

"Ina fuskar?"

"Tana kabarinsa. Ku tono in kun isa."

Fontanet ya faɗo kicin ɗin yana ihu. "Zan sake zana shi!"

Remei ta miƙa hannu aka sa mata ankwa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Da wane hannu? Tun bara ko cokali ba ka iya riƙewa, ni ke ba ka miya a baki. Sufeto, rubuta wannan ma, 'yan jarida su ji."

Fontanet ya cusa hannayensa a aljihu. Bastida ya rubuta, bai tsallake ko kalma ɗaya ba, sannan ya fita da ita.