Farin Gashi a Cikin Fanka

Dab da faɗuwar rana Falaniko ya tsayar da bas ɗinsa a ƙofar shagona. Abokina ne tun muna yara, kuma ni na haɗa masa kiɗan da ƙauyukan bakin teku ke ji tun kafin su hango motar. Ina alfahari da aikin nan, ba zan ɓoye ba.

"Mikaele, fankokin amfilifayar nan sun ishe ni," ya ce. "Wata uku suna kuka kamar alade a hannun mahauci. Canza su."

"Sai yau ka tuna hanya? Ko makokin Innata ba ka zo ba, ɗan banza."

Bai yi dariya ba. Wata uku ke nan da aka tsinci gawar mahaifiyata a kwalbati, kwandon gwazanta a gefe. Mota ce ta buge ta, kuma ba a san mai motar ba.

Na durƙusa bayan kujerar direba, na kwance murfin na'urar. Warin dizal da ƙonanniyar ƙura. Can ƙarƙashinsu, ƙamshin man kwakwa, irin wanda Innata ke shafawa a gashi. Fanka ta farko ƙura ce kawai. Ta biyun da ƙyar take juyawa, wani dogon farin gashi ya nannaɗe tsakiyarta tam.

"Na fasinja ne," in ji Falaniko daga bayana.

"A ƙasan kujera?"

"Yi aikinka."

Na sa sababbi biyu, na haɗa wayoyi, na ɗaure. Daidai nan aka buga tukunyar gas da ke zaman ƙararrawar ƙauye, alamar shigar Sa, lokacin addu'ar yamma da ba a yarda kowa ya yi motsi ba. Ƙauye ya yi tsit. Ba halin kiɗa, sai na kunna na'urar kawai in saurari fankokin. Suna juyawa, ko ƙus.

Sai na ji numfashi.

Daga lasifikokin yake fitowa, a hankali, da kakari, irin na mai jini a maƙogwaro.

"Falaniko, ɗana," muryar ta ce. "Ba nan ce hanyar asibiti ba."

Muryar Innata ce.

"Mayar da tsofaffin," Falaniko ya raɗa. "Don Allah, Mikaele. Ban san ƙararsu ce ke danne ta ba."

"Kai ka buge ta? Da ranta ka ɗauke ta?"

"Tsoro na ji. Tana ta kiran sunana. Sai na ƙure kiɗa, na yi ta yawo har ta yi shiru."

Na miƙa hannu ga sukudireba, kuma na san inda zan soka masa. Wani hannu ya riga ni. Daga ƙasan kujera ya fito, sanyi ƙalau, yana santsin mai, ya damƙe wuyan hannuna.

"Mikaele," ta ce. "Ta ƙofar shagonka muka wuce. Sau uku na kira ka."

Na tuna yammacin. Bas ɗinsa ya wuce, ƙasa na girgiza, har na ɗaga wa Falaniko babban yatsa don yadda sautin ke fita garau.

Hannun ya ja ni. Kuncina ya bugi katakon ƙasan motar.

Na fizge da dukan ƙarfina, fata ta saɓule, na faɗo ta taga. Tsohuwar fankar mai gashi na cikin ɗaya hannuna.

Falaniko ya ƙone bas ɗin, amma muryar ba ta ƙone ba. Duk inda aka yi shiru, tana nan, a kunnensa da nawa. Ya gwada rediyo, ya gwada injin janareto, babu abin da ke rufe ta sai ƙarar fankar nan.

Ranar Litinin ya zo neman gafara bisa al'adarmu, ya durƙusa a ƙofata, danginsa suka lulluɓe shi da tabarmar girmamawa. Al'ada ta ce in na yafe, in fito in yaye ta. Yau kwana uku yana nan durƙushe, rana da ruwa. Ina jin yana rantsuwa daga ƙarƙashinta cewa zai kai kansa ga 'yan sanda, in dai zan ara masa fankar ko na awa ɗaya.

Ban fita ba. Na jona ta da batir a gefen matashina, tana kukanta. Guda ɗaya ce, kuma ni ma sunana Innata take kira.