Ƙugiyar Kalli

A shagon cajin waya na bakin tashar Nguru suka ƙulla yarjejeniyar. Haisam ya taso daga Gashua yana neman muryar da zai sa wa Kalli, yaron katun ɗin da yake zanawa, irin na 'yan Japan masu dara-daran idanu. Nan ya ji wata budurwa tana kwaikwayon maganar ƙawarta har mai shago na riƙe ciki. Shuhada ce, 'yar Alhaji Dunoma mai busasshen kifi.

Sharaɗinta biyu: sunanta ba zai fito ba, kuma duk inda labari ya yi ƙarya za ta gyara. Nasa ɗaya ne, kada ta bar shi a tsakiya. Ya amince tun bai gama kallon idonta ba.

Kalli yaro ne da inuwarsa ke tashi ta yi yawonta ita kaɗai, mutanen garinsu suka kore shi. Haisam ya zana shi yana sarar dodanni a tuddan yashi. Sai saƙonta ya shigo:

"Mai Zane, yaron da aka kora ba dodo yake tsoro ba, yunwa ce. Ka rataya masa ƙugiyar kifi guda ɗaya a wuya. Ya ci ɗanyen bado, ya guji hayaƙi, don inda hayaƙi yake nan mutane suke."

Bai tambaye ta inda ta samo ba. Mai so ba ya bincike. Abin da ya rubuta kawai: "Muryata, ke kike hura masa rai, ni fenti nake shafawa. In na zo Juma'a, an yarda in tsaya a ƙofar gida?"

"Ka zo da hula," in ji ta.

Kafin kashi na shida, Kalli ya shiga wayoyin Nguru da Gashua, magabatan Haisam kuma sun sa ranar zuwa tambaya. To akwai Sabitu, ɗan abokin kasuwancin Alhaji, wanda ya shekara yana sallama ana ce masa ba ta nan. Ya gane muryar. Ya kai wa Alhaji waya har rumfa, wai ya ji 'yarsa ta zama 'yar wasa.

Alhaji ya karɓa ya kalla. Da ƙugiyar ta fito, hannunsa ya kai wuyansa. Ranar ya aika Gashua cewa kada kowa ya wahalar da kansa.

"Na yi ɓarna," Shuhada ta rubuto. "Labarin Baba ne. Yana ɗan shekara tara aka kore shi daga ƙauyensu, wai uwarsa mayya ce. Ni kaɗai ya taɓa gaya wa. Ko kallona ba ya yi. Kada ka zo."

Haisam ya zo. Ya tsuguna a rumfar tun hantsi, warin banda na shiga rigarsa, Alhaji na ta ɗaure kwalaye kamar ba mutum a wurin. Sai bayan azahar ya juyo.

"Wa ka gaya wa?"

Haisam ya rantse bai gaya wa kowa ba, shi ma sai jiya ya san labarin Alhaji ne. Ya tura kwamfutarsa gaban Alhaji, ya ce aikin shekara biyu ne, kashi na ƙarshe na ciki, ba wanda ya gani. In Baba ya ce a goge, yanzu zai goge, ko an ba shi Shuhada ko an hana.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa yadda yake kallon kifin da ake cewa ya bushe. Can ya tambayi yadda labarin ya ƙare. Haisam ya ce Kalli ya koma gida, mutanen gari suka durƙusa suna neman gafara.

"Ƙarya ce," in ji Alhaji. "Ba wanda ya durƙusa. Wata tsohuwa mai suyar kifi ce ta kira shi, ta miƙa masa kwano, ba ta tambayi ɗan wa ba ne. Yagana sunanta. Shekara hamsin ba wanda ya ambace ta." Ya share ido da bakin rawani. "Ka sa ta, da tsagarta da komai. Kuma 'yata ba za ta ƙara yin magana a wayar saurayi ba. A ta miji, wannan ruwanku."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure, dattijai suka yi ta addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Amarya ta yi muryar Kalli da ta Yagana duka a ɗakinta na Gashua.

Haisam ya rasa ƙarshen da ya yi wata huɗu yana zanawa, ya samu mata. Alhaji ya ba da 'ya, ya saka wa Yagana alherinta, asirinsa kuma yana nan a rufe. Sabitu ne kaɗai ya tashi a tutar babu, don har yau bai san asirin da shi da kansa ya kai rumfar nan ba.